Aikin Ido Ko Aikin Ganin Ido?

Ƴan uwa, in kana yawan latsa waya a Yamai, da wuya a ce tallar nan ba ta taɓa faɗo maka ba. Wani asibitin kuɗi a Tunis ko Istambul, budurwa tana murmushi, ta cire tabarau ta jefa cikin kwandon shara. Wai ka zo a dasa maka ɗan gilashi cikin ido, ka rabu da tabarau, har da otal da motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi. Ana ta tura ta a WhatsApp, ana gardamarta a fada wurin shayi. Wasu na cewa ƙarya ce irin ta intanet, wasu kuwa har sun fara lissafin kuɗin jirgi.

Ba ƙarya ba ce. Aikin na nan, sunansa ICL. Ga wanda ba ya gani daga nesa sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba, likita yakan yi ƴar ƙofa a gefen ido, ya zura wani ɗan gilashi na roba mai laushi, ya zaunar da shi bayan baƙin ido, gaban madubin da Allah ya halitta masa. Ba a cire komai, ƙari ake yi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wanda kamfanin STAAR ke ƙerawa tun 2005, ta kuma amince da sabon samfurinsa a 2022, ga masu shekara 21 zuwa 45. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne, wani lokaci gilashin kan sa matsin ido ya hau, wani lokaci ya jawo wa saurayi yana tun kwananta bai zo ba, kuma wanda aka dasa wa sai ya riƙa komawa ana duba shi tsawon rayuwa. In likitanka yana Istambul kai kana Talladje, sai ka yi wannan lissafin ma.

Kuɗin kuwa, a Amurka ido guda yakan ci dala dubu uku ko fiye. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Ya haura sefa miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata, ke nan ma'aikaci zai yi shekara uku bai ci bai sha ba kafin ya sayi ido ɗaya.

Ni ban da rigima da mai kuɗinsa. Idonsa ne, guminsa ne, Allah ya sa a yi a sa'a. Rigimata tana wani wuri, kuma a kan ɗan uwan wannan gilashin ne, wanda babu mai yi masa talla da budurwa mai murmushi.

Ku fito bayan sallar Juma'a ku tsaya ƙofar kowane babban masallaci, ko ku tsaya a danjar cikin gari ku ƙirga. Tsoho da sanda, ƙarshen sandar a hannun yaro ko ƴar yarinya da ya kamata a ce tana lakwal. Ku dubi idon tsohon. Da yawansu za ku ga tsakiyar idon ta yi fari fat kamar an ɗiga nono. Yana ke nan. Madubin ido ne na halitta, wanda yake garau lokacin ƙuruciya, ya dushe saboda shekaru, ko ciwon suga, ko taba, ko zafin rana. Mu nan Saga mun san abin da ake nufi da rana: iyayenmu sun ƙare ƙarfinsu cikin fadamar shinkafa, rana na dukan su daga sama, ruwa na maido musu da ita daga ƙasa. Yana ita ce ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Kuma ita ce makantar da ake warkewa daga gare ta cikin kwana ɗaya.

Kwana ɗaya, ban yi ƙari ba. A kashe zafin idon da allura, mutum na farke yana jin hirar ma'aikata. A yi ƴar ƙofa, a fitar da madubin da ya dushe, a sa na roba a gurbinsa. Hannun da ya saba ba ya wuce minti goma sha biyar, sau da yawa ko ɗinki babu. Gobe da safe a kwance bandeji, tsohuwa ta dubi jikarta ta ce ashe kin yi girma haka.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da za a ce bai iso mu ba. Ran 29 ga Nuwamba 1949 wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara yin aikin a asibitin St Thomas na Landan. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shige musu ido, idon bai ƙi robar ba, ya zauna da ita lafiya. Daga nan dabarar ta zo masa. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan. Kakanninmu da ke zaune cikin duhu yau, wasunsu ba a haife su ba lokacin da aka gano maganin ciwon nasu.

Za a ce tsada. An daɗe da kashe wannan hujjar, kuma talakawa irinmu ne suka kashe ta. A da gilashin guda yana haura dalar Amurka 100, don Turawa kaɗai ke ƙera shi. A 1992 asibitin ido na Aravind da ke Madurai a Indiya ya buɗe masana'antarsa, Aurolab, ya karya farashin zuwa ƙasa da dala 10, wajen jikka shida ke nan. A Nefal, likita Sanduk Ruit da gidauniyar abokinsa Fred Hollows na Ostireliya suka yi irin haka a Katmandu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Iritiriya. Ƙasar da ta fito daga yaƙin shekara talatin, ta samu ƴancin kai a 1993, a 1994 an buɗe masana'antar gilashin ido a Asmara. Ba uraniyom gare su ba, ba man fetur. Mu kuwa namu man yana tafiyar kusan kilomita 2000 cikin bututu daga Agadem har bakin teku, amma tsohon da ke Saga, gada ɗaya tsakaninsa da asibitin Lamorde, yana zaune yana jiran ranar da rediyo za ta ce baƙi sun zo.

Ga inda maganar take. A ƙasar nan mun mayar da aikin yana abin sadaka. Talaka bai san shi a matsayin aikin da asibitin ƙasarsa ke yi masa ran Litinin ko ran Laraba ba. Ya san shi a matsayin ayari: Larabawa sun zo, Turkawa sun zo, kwana biyar za su yi, a je a kama layi tun asuba.

Kada wani ya juya mini magana. Wallahi ba na raina waɗannan bayin Allah. Gidauniyar Al-Basar ta Saudiyya, mai asibitocin ido na Makka a Yamai da Maraɗi, ta buɗe idon mutanen da Allah kaɗai ya san yawansu. Ƙungiyar IHH ta Turkiyya ta yi aiki a Lamorde. Bankin Musulunci ya kafa ƙawancen yaƙi da makanta tun 2008, da Nijar a ciki. Allah ya saka musu da alheri, sun yi abin da ba dolensu ba. Tambayata ga wanda dolensa ne. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Wa ke karɓar haraji a kasuwa? Wa ke karɓar na kwastan? Ko forfe ka saya a waya, dala biyu na fita zuwa asusun ceton ƙasa, kuma muna bayarwa. Hukumar da ta iya bin tamma goma har cikin aljihun ɗan kabu-kabu ba za ta ce ba ta san gidan da makaho yake ba.

Amma me muke gani? Ranar buɗe ayari a kafa rumfa, a jera kujeru, a kawo babban baƙo da rakiyar motoci. A yi jawabi, a gode wa abokan hulɗa. Ran kwance bandeji a kawo kyamara daidai fuskar tsohuwa don a ɗauki hawayenta, da dare a nuna a talabijin. Kuɗin baƙi, likitocin baƙi ko namu da baƙi suka biya, gilashin baƙi, amma hoton na manyanmu. Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan suna: aikin ganin ido.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: da babu gara ba daɗi. To bari mu duba ba daɗin.

Na farko, ayari ba ya zuwa lokacin da ido ke buƙata, sai lokacin da mai bayarwa ya shirya. A layinmu akwai wata iya mai tuyar ƙosai da yana ta rufe wa ido biyu. Da aka yi shelar wani ayari, ɗanta ya kai ta tun kafin kiran assalatu, suka tarar da mutanen da suka kwana a wurin, daga ƙauyuka, wasu da tabarmi da buta. Aka raba tikiti, ya ƙare kafin a zo kansu. Aka ce sai wani zuwa. Wani zuwan ya ɗauki fiye da shekara. Cikin shekarar nan kaskon ƙosai ya mutu, jikarta ta bar aji ta zama ƴar jagora, ita ke kai ta bayan gida, ita ke sa mata loma a hannu. Daga baya an yi wa iya aiki, tana gani, alhamdu lillahi. Yarinyar ce ba ta koma lakwal ba har yau. Wannan ba ya shiga rahoton kowa. Rahoto ido yake ƙirgawa.

Sannan akwai abin da ba a son faɗa, don kada a ce mutum ya yi butulci. Gilashin nan ba hula ba ce da za a ce kowa ya sa ta zauna. Kowane ido da lambarsa. Kafin aiki ya kamata a auna tsawon idon da lanƙwasar gabansa da na'ura, a zaɓo gilashin da ya dace da shi. Inda aka tara ɗaruruwan mutane cikin kwana kaɗan, in na'urar awon ba ta nan ko lokaci ya ƙure, abin da ya rage shi ne a sa wa kowa matsakaiciyar lamba. Mutum zai ga haske, zai gane fuska, amma zaren allura ko layin Alƙur'ani sai a hankali. Bayan aiki kuma akwai maganin ɗigawa na makonni, akwai komawa a duba. Wasu bayan shekara ɗaya ko biyu fatar da ke riƙe da gilashin takan yi hazo, gani ya sake dushewa, mutum ya ɗauka yanar ce ta dawo. Gyaran wannan aikin minti biyar ne da hasken leza, ba yanka ba jini. Amma sai in akwai na'urar, akwai mai riƙe ta, kuma majinyacin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ya yi masa aiki ya hau jirgi tuntuni.

Shi ya sa a 2021, da ƙasashen duniya suka zauna a babban taron Hukumar Lafiya, da mu a ciki, suka ɗauki alkawarin ƙara yawan masu samun aikin yana da maki 30 cikin 100 kafin 2030, ba su ce a ƙirga yawan idon da aka yanka ba. Cewa suka yi a ƙirga wanda aka yi wa aiki kuma yake gani da kyau bayan aikin. Mu har yau lambar farko ake karanto mana a labarai: an yi wa mutum kaza aiki kyauta. Nawa ne cikinsu ke gani bayan wata shida? Kun taɓa jin ɗan jarida ya tambaya?

Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsakanin ayari da ayari akwai mai jaka da ke bin ƙauyuka da kasuwanni, wanda ke cewa yana cire yana a gargajiyance. Ba cire ta yake ba. Tsinke ko allura yake sokawa cikin ido, ya tunkuɗa madubin da ya dushe ya faɗa can ƙasan ido. Nan take haske ya shigo, tsoho ya ga inuwar hannunsa, a yi kabbara, a biya da akuya ko buhun hatsi. Kafin idon ya kumbura, kafin matsinsa ya hau ya kashe jijiyar gani, mai jaka ya yi garuruwa uku gaba. A maƙwabciyarmu Najeriya, binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, irin wannan sokawar aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun makafi ne lokacin da aka auna su. A ƙasar da ke da asibitin ido na ECWA a Kano tun zamanin Turawa, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mai jakar nan ba ya tsayawa a iyakar Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ya nuna fasfo. Idon da yana ta rufe yana da gobe. Idon da aka soka aka lalata, sau da yawa ko Ridley ya dawo duniya sai dai ya yi haƙuri. Kar ku zagi tsohon da ya miƙa idonsa, ku ce jahilci. Mai jaka ya zo har ƙofar gidansa. Wa kuma ya zo?

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne mun iya in mun so. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke kawowa, wadda likitoci ke kira onkosarkoz. Mu ne na farko a duk Afirka, na biyar a duniya. An fara yaƙin tun wajen 1974, da feshi a kan koguna, daga baya da rabon magani, ma'aikatanmu na bin rafi-rafi suna kama ƙuda suna aunawa shekara da shekaru. Da taimakon waje, ƙwarai, amma da tsari na ƙasa wanda bai tsaya jiran baƙo ya sauka a filin jirgi ba. Haka aka yi ta fama da amodari a yankunan Zinder da Maraɗi da Diffa har aka karya lagonsa. To wanda ya ci ƙarfin ƙuda a daji, me zai gagare shi a ɗakin aiki mai gado biyu?

A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta, ta mayar da haihuwa kyauta, ta ɗauke wa masu wankin ƙoda jikka 150 da ake karɓa kafin a fara musu. Na yaba, kuma ina sake yabawa. Tun zamanin Tandja aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar da masu haihuwa ta hanyar aiki ba za su biya ba. Ke nan ƙasar nan ta san yadda ake cewa wannan ciwon ba za a bar talaka da shi shi kaɗai ba. Me ya hana a sa aikin yana cikin jerin, da gilashinsa da maganin ɗigawarsa? Ragin rabi alheri ne ga mai rabin. Tsohuwar da kaskonta ya mutu ba ta da ko ɗaya daga rabin biyu, kuma kafin ta kai gadon aiki akwai kuɗin taksi zuwa da dawowa har sau uku ko huɗu, da na mai rakiya, da takardar magani da za a kai farmasi.

Muna ta maganar ikon kai, a dandali, a waƙa, a jikin riga. Ina cikin masu so. Amma ƙasar da idon tsofaffinta ke jiran jirgi daga Riyad ko Ankara, akwai sauran magana a ikon kanta. A 2001 shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi kiwon lafiya. Gwamnatoci nawa suka wuce tun lokacin, na farar hula da na soja, muna ƙasa da alkawarin. Likitocin idon da muke da su ba su ishe mu ba, kuma mafi yawansu suna nan Yamai. Ɗan Ngigmi ko Bilma fa? Manyanmu in idonsu ya yi ƙaiƙayi, takardar fita waje jinya na jiran sa hannu. Rashin gani daga nesa dai an ce ICL na maganinsa. Na rashin hangen nesa ne ba a ƙera gilashinsa ba tukuna.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gadar sama guda ba. Kowane babban asibitin jiha ya zama yana da ɗakin aikin ido da ke aiki duk mako, da na'urar awo, da gilashi lamba-lamba a ajiye, ba sai an aiki ɗan majinyaci ya nemo ba. Baƙin da ke zuwa, a ce musu marhabin, amma su shigo cikin wannan ɗakin su yi aiki da yaranmu, su bar ilmi da kayan aiki, kuma sunan duk wanda aka yi wa aiki ya zauna a hannun likitan da zai nan bayan sun tafi. Shirin kula da lafiyar ido na ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ya riƙa fito mana da lamba biyu duk shekara, jiha-jiha: nawa aka yi wa aiki, nawa ke gani.

Ku kuma samari da ƴan matan da ke karanta wannan, kafin ku sake tura tallar Istambul, ku je ku zauna gaban kaka ko baba tsoho da rana. Ku rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ku ja da baya taku uku, ku ɗaga yatsu ku ce ya ƙirga. Ku sake da ɗaya idon. Tsofaffinmu ba sa faɗa, cewa suke tsufa ne, hazo ne, ƙaddara ce. In ya kasa, kar ku saurari mai cewa a bari sai ta nuna, kuma ko da wasa kar ku bar mai jaka ya shigo gidan. Ku kai shi wurin likitan ido a auna, don ba kowane duhu ne yana ba, wani hawan matsin ido ne, shi kuwa abin da ya ci ba ya dawowa. Ku rubuta duk abin da kuka kashe, daga taksi har maganin ɗigawa, ku ajiye rasit.

Ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar gani ta duniya. Za a kafa rumfa, za a yi jawabi. Mu je da rasit ɗinmu, mu zauna a layin gaba, in an ba da damar tambaya mu ce: Ranka ya daɗe, cikin waɗanda aka yi wa aiki bara, nawa ke gani yau, kuma nawa ne daga kasafin ƙasa aka biya wa?